Shin in sake rubuta manhajarmu ta Python da Go saboda matsalar nau'in bayanai?

Nasiru ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a wannan sana'a. Shekara huɗu ke nan ina kula da wata manhaja mai lissafin kayan da ke shiga da fita daga ɗakin ajiya. Da Python muka rubuta ta, mu uku ne a kanta, kuma yanzu ta kai layi kusan 40,000.

A makon jiya wani abu ya faru da ya sa na fara tababa a kan harshen Python gaba ɗaya. Muna da wani fankishin, wato guntun kod mai yin aiki guda, da ke ninka adadin katan da yawan kayan da ke cikin kowane katan, kuma adadin yana zuwa mana ne daga wata manhaja dabam ta hanyar JSON, tsarin rubutun da manhajoji ke musayar bayanai da shi. Masu waccan manhajar sun yi gyara ba tare da sun sanar da mu ba, sai adadin da a da yake zuwa a matsayin lamba 12 ya koma zuwa a matsayin rubutu, wato "12" a cikin alamar zance. Python bai ce uffan ba, domin a wurinsa ninka rubutu da 3 yana nufin maimaita shi sau uku, don haka maimakon 36 sai muka samu "121212". Rumbun bayanai ya karɓa ya mayar da shi lamba ya adana, kuma sai da aka kwana biyu kafin mai kula da ɗakin ajiyar ya kira ni yana tambaya ta ina kaya 121,212 suka shiga wurin da ba ya ɗaukar 1,000.

Abokin aikina ya dage a kan cewa da a ce da Go ko Java muka yi aikin, da kompaila, wato manhajar da ke dubawa da fassara kod kafin a gudanar da shi, ta kama wannan kuskure tun kafin manhajar ta tashi, kuma yana so mu ware wata shida mu sake rubuta komai da Go. Ni kuwa ban taɓa yin aiki mai tsawo da irin waɗannan harsuna ba, kuma ina jin ana cewa suna rage saurin aiki saboda yawan rubutu. Ina roƙon wanda ya yi aiki da ɓangarorin biyu ya gaya mini abin da ya gani da idonsa: shin bambancin ya kai a zubar da aikin shekara huɗu?

Malam Habibu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Kafin a kai ga hukunci, akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa a wannan muhawara, kuma raba su zai taimaka maka wajen tattaunawa da abokin aikinka.

Na farko shi ne lokacin da ake duba nau'in bayani. A harsuna masu kafaffen nau'i, irin su C da Java da Go da Rust, kowace ma'ajiya (sunan da ake ajiye bayani a ƙarƙashinsa) da kowane fankishin suna da nau'in da aka sani tun daga rubutun kod, kuma kompaila tana bin diddiginsu kafin a gudanar da manhajar. A harsuna masu sakakken nau'i, irin su Python da Ruby da JavaScript, nau'in yana manne ne da bayanin kansa ba da sunan da aka ba shi ba, saboda haka ba a sanin ko abu biyu sun dace da juna sai manhaja ta iso wannan layin tana cikin aiki. Layin da ba a taɓa bi ta kansa ba zai iya ɓoye kuskure shekara guda.

Na biyu shi ne yadda harshe yake yi idan nau'i biyu suka ci karo, ko ya tsaya ya yi ƙorafi ko kuma ya sauya ɗaya daga cikinsu da kansa ya wuce. Wannan ba shi da alaƙa ta dole da na farko. Idan ka rubuta "5" + 1 a Python zai tsaya da TypeError, amma JavaScript zai ba ka "51", sannan idan ka rubuta "5" - 1 ya ba ka 4, alhali dukansu masu sakakken nau'i ne. A ɗaya ɓangaren kuma, C da Dennis Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970 yana da kafaffen nau'i, amma zai bar ka ka zuba babbar lamba a ƙaramar ma'ajiya ta guntule ba tare da ya dakatar da kai ba. Abin da ya same ka ya faru ne domin a Python ninka rubutu da lamba aiki ne halastacce da aka tanada da gangan, wanda mutane ke amfani da shi wajen zana layi, misali "-" * 40.

Game da yawan rubutu kuwa, ƙorafin yana da asali, sai dai ya tsufa. Java na shekarun baya ne ya bar wa mutane wannan tabo, lokacin da sai ka rubuta dogon sunan nau'i sau biyu a layi ɗaya kafin ka buɗe ma'ajiya guda. Amma dabarar da kompaila ke gano nau'i da kanta ba sabuwa ba ce. Roger Hindley ya bayyana tushenta a 1969, Robin Milner ya sake gano ta a 1978 domin harshen ML, kuma a kanta Haskell da OCaml suka ginu, inda za ka iya rubuta fankishin ba ka ambaci nau'i ko ɗaya ba amma kompaila ta san komai. Go da Kotlin da Rust duk suna gano nau'in ma'ajiyar da ke cikin fankishin da kansu, shi kansa Java ya samu kalmar var a siga ta 10 a shekarar 2018. Abin da zai fi ɗaukar maka rubutu a Go shi ne duba kuskure bayan kusan kowane kira, kuma wannan tsarin harshen ne, ba laifin nau'i ba.

Malama Rukayya ta amsa:

Malam Habibu ya share fage sosai, ni kuma zan tsaya a kan iƙirarin abokin aikin naka, domin a ganina rabinsa ne kawai daidai. Na yi shekara biyar ina rubuta Java, na koma Python na wasu shekaru, yanzu kuma yawancin aikina da TypeScript ne, wato JavaScript da aka ƙara wa alamun nau'i, kuma irin wannan kuskuren na gamu da shi a dukansu.

Kompaila ba ta ganin abin da zai zo daga waje. Tana karanta kod ɗinka ne kawai, ba ta san abin da wata saba za ta aiko gobe da safe ba. Da kun yi aikin da Go, kuka bayyana cewa adadin cikakkiyar lamba ce, to lokacin da "12" ya iso, fankishin json.Unmarshal ne zai dawo da kuskure yana cewa ba zai iya zuba rubutu a gurbin lamba ba. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai, kuma da ya cece ku, amma ka lura cewa a lokacin aiki ya faru ba a lokacin kompaila ba, kuma sai idan kun duba kuskuren da ya dawo da shi. Falalar Go a nan ita ce ya tilasta maka ka faɗi siffar bayanin da kake jira tun daga bakin ƙofa. Shi ma yana da nasa ramin, domin idan masu aikowa suka cire gurbin adadin gaba ɗaya ko suka sauya masa suna, Go zai cike shi da 0 ya wuce shiru, sai ka wayi gari rahoto yana cewa ɗakin ajiya babu komai.

Na taɓa faɗawa irin wannan da TypeScript, kuma ya fi ciwo saboda na saki jiki. Abin da JSON.parse ke dawowa da shi nau'insa any ne, wato kompaila ta ɗauke ido daga kansa. Na yi amfani da kalmar as na ce mata wannan bayanin mai amfani ne da ke da suna da ranar rajista, ta yarda da ni, edita ya riƙa cika mini sunayen gurabe kamar komai lafiya. Ashe a wasu tsofaffin asusu gurbin ranar babu komai a ciki. TypeScript yana goge duk nau'o'in da ka rubuta idan ya mayar da kod zuwa JavaScript, don haka a lokacin aiki babu mai gadi ko ɗaya, shafin ya mutu a hannun masu amfani da irin saƙon undefined da muka gudu daga JavaScript dominsa. Tun daga ranar na daina amincewa da bayanin waje sai na tace shi da laburare irin su Zod, kuma na koma amfani da unknown a maimakon any, domin shi ba ya barin ka taɓa bayani sai ka tabbatar da ko mene ne.

To ina amfanin kafaffen nau'i yake, idan ba a nan ba? A wurina yana fitowa ne ranar da za ka sauya kod da ka manta yadda aka rubuta shi. Akwai lokacin da muka yanke shawarar raba gurbin suna gida biyu a wata manhaja mai faɗi. Na sauya bayanin nau'in a wuri ɗaya, kompaila ta jero mini duk wuraren da suka karye, sun haura 60, na bi su ɗaya bayan ɗaya daga safe zuwa azahar, da jerin ya ƙare na san na gama. Irin wannan aikin a Python marar alamun nau'i da binciken kalma nake yinsa, ina buɗe fayil bayan fayil, kuma ko na gama zuciyata ba ta kwanciya, domin wani ya iya ɗaura bayanin a ƙamus ya miƙa shi ta fankishin huɗu da wani suna dabam. Sakamakon haka shi ne mutane su fara tsoron taɓa tsohon kod, su riƙa gina sabon abu a gefensa, har manhaja ta cika da hanyoyi biyu ko uku na yin abu ɗaya.

Amfani na biyu shi ne batun babu, wato None ko null. Tony Hoare, wanda ya shigar da shi cikin ALGOL W a 1965, da bakinsa ya kira shi kuskuren da ya ci dala biliyan a wani jawabi a 2009. Ba kowane harshe mai kafaffen nau'i ne ya magance shi ba. Java yana barin null ya shiga kusan ko'ina, shi ya sa NullPointerException ya zama abokin kowane mai rubuta shi, kuma Go ma yana da nil da ke kayar da manhaja. Kotlin da Rust ne suka raba abin da zai iya zama babu da wanda ba zai iya ba, har kompaila ta ƙi wucewa sai ka tanadi abin da za a yi idan babun ta faru. Saboda haka idan wannan ne abin da abokinka yake nema, Go ba zai ba shi cikakke ba.

Sadiq ya amsa:

Ina girmama bayanan Malam da Malama, amma ina ganin ya kamata wani ya yi magana a madadin ɗaya ɓangaren. Aikina nazarin bayanai ne, kuma rabin yinina yana ƙarewa ne ina buɗe fayilolin da ban san siffarsu ba sai na duba. A irin wannan hali ina rubuta layi biyu a Jupyter, manhajar da ake gwada kod guntu-guntu a cikinta, in ga abin da ya fito, in gyara, in sake gwadawa, kuma yawancin abin da na rubuta da safe na goge shi kafin yamma. Da za a ce sai na bayyana nau'in kowane abu kafin in gan shi, da na ɓata lokaci ina tsara abin da ba zai kwana ba. Ba banza ba ne Python, wanda Guido van Rossum ya fitar tun 1991, ya mamaye fagen nazarin bayanai da koyar da na'ura.

Sannan mafi yawan kurakuran da suka taɓa hana ni barci ba na nau'i ba ne. An rubuta "ya fi" a inda ya kamata a rubuta "ya kai ko ya fi", ko an manta da bambancin lokaci tsakanin ƙasashe, ko an fahimci buƙatar mai aiki a baibai. Duk waɗannan lambobi ne masu nau'i daidai da amsa marar daidai. Rokar Ariane 5 da ta tarwatse a watan Yunin 1996, daƙiƙa kusan 40 bayan tashinta, da Ada aka rubuta manhajarta, harshen da ya shahara da tsanani a kan nau'i. An mayar da lamba mai ɗigo ta bit 64 zuwa cikakkiyar lamba ta bit 16, ƙimar ta fi ƙarfin gurbin, domin an ɗauko kod ɗin ne daga Ariane 4 wadda ba ta kai wannan gudun a kwance ba. Haka kumbon Mars Climate Orbiter ya salwanta a 1999 saboda wani ɓangare yana auna ƙarfi da ma'aunin fam, ɗayan kuma yana jiran ma'aunin niyutan, alhali a idon kompaila duka lambobi ne masu ɗigo. Gwaji mai kyau ne ke kama irin waɗannan, kuma wanda ya rubuta gwaji sosai zai tarar ya kama kurakuran nau'i da yawa a kan hanya.

Malam Habibu ya sake amsawa:

Maganarka gaskiya ce game da aikin bincike, Malam Sadiq, sai dai manhajar Malam Nasiru ta wuce wannan matakin, tunda ta shekara huɗu kuma hannu uku ke taɓa ta. Gwaji yana duba misalan da ka tuna ka rubuta ne kawai, mai duba nau'i kuma yana bin kowane layi har wanda ba ka tuna da shi ba, don haka ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Akwai wani bincike da Gao da Bird da Barr suka wallafa a 2017, inda suka ɗauki kurakuran da aka riga aka gyara a manhajojin JavaScript da ke GitHub suka gwada ko masu duba nau'i guda biyu, Flow da TypeScript, za su kama su, suka samu kusan kashi 15 cikin 100. Kowane ɓangare yana kafa hujja da wannan adadi, masu so su ce kashi 15 ba wasa ba ne, masu ƙi su ce to ina sauran 85.

Shawarata, Malam Nasiru, kada ku sake rubutawa. Layi 40,000 ɗin nan cike suke da ƙananan gyare-gyaren da kuka yi saboda matsalolin da kuka riga kuka manta, kuma sabon rubutu zai zubar da su ku sake gano su ɗaya bayan ɗaya, ga shi kuma kuna koyon sabon harshe a lokaci guda. Wata shidan da aka ce ma da wuya ya tsaya a shida.

Python yana da alamun nau'i tun siga ta 3.5 a 2015, bisa tsarin PEP 484, kuma mypy da Jukka Lehtosalo ya fara, ko Pyright na Microsoft, suna duba su kafin a gudanar da manhaja. Dropbox ya bayyana a 2019 cewa ya sanya wa layin Python kusan miliyan 4 alamun nau'i a hankali, ba tare da sauya harshe ba. Wannan hanya ce da kusan duk harsuna masu sakakken nau'i suka bi: Microsoft ya fito da TypeScript a 2012, Facebook ya yi Hack a kan PHP a 2014, Stripe ya yi wa Ruby Sorbet. Ku fara da kan fankishin, wato abin da yake karɓa da abin da yake dawowa da shi, a sassan da suka fi muhimmanci, ku sa mai dubawa ya riƙa gudana a kan kowane gyara kafin a haɗe shi, sannan ku riƙa ƙara tsanani fayil bayan fayil. Amma ku riƙe gargaɗin Malama Rukayya, domin Python ba ya aiwatar da waɗannan alamu a lokacin aiki, kuma abin da json.loads ke dawowa da shi Any ne, don haka mypy kaɗai ba zai kama "121212" ɗinku ba. Bakin ƙofa yana buƙatar mai tacewa irin Pydantic.

Nasiru ya dawo:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na nuna wa abokin aikina wannan tattaunawa, kuma mun amince mu gwada shawarar Malam Habibu na wata guda kafin a sake ta da maganar Go, ko da yake har yanzu yana cewa duk wani sabon sashe mai zaman kansa da Go zai so a rubuta shi, ni ma ban ƙi ba.

Jiya na sanya alamun nau'i a sashen lissafin kaya kawai, fayil bakwai, na gudanar da mypy. Ya kawo ƙorafi 94. Yawancinsu na laburaren da ba su da bayanin nau'i ne, ko wuraren da ni na rubuta alamar ba daidai ba, amma guda uku kurakurai ne na gaske. Mafi muni shi ne fankishin da ke neman kaya da lambarsa, wanda ke dawowa da None idan bai samu ba, kuma a wurare biyu muna ɗaukar sakamakon mu nemi adadinsa kai tsaye ba tare da dubawa ba. Bai taɓa fashewa ba ne kawai saboda ba a taɓa goge kaya daga rumbun ba, kuma goge kaya yana cikin abubuwan da aka nemi mu ƙara a wata mai zuwa.

Tambaya ɗaya ta rage mini. Da na gwada Pydantic na aika masa "12", bai ƙi ba, sai ya mayar da shi 12 da kansa, lissafi ya fito 36 daidai. Shin in bar shi haka?

Malama Rukayya ta amsa:

Haka yake yi idan ba ka ce masa komai ba, yana sauya rubutun da ya yi kama da lamba zuwa lamba, ya ƙi wanda bai yi kama ba. Yana da yanayin tsanani da ake kunnawa da strict, wanda zai ƙi "12" ɗin ma. Ga bayanin da mutum ya cike a fom ina barin sassaucin, domin daga burauza kusan komai a matsayin rubutu yake zuwa. Amma ga bayanin da wata manhaja ke aiko muku bisa yarjejeniya, ni tsananin nake kunnawa, domin sauyawar lamba zuwa rubutu alama ce cewa sun taɓa wani abu a ɓangarensu, kuma gara ku sani a ranar ku tambaye su me kuma suka sauya. Ka kuma sanya wa adadin iyaka ta sama daidai da abin da ɗakin ajiyar zai iya ɗauka, tunda 121212 ma cikakkiyar lamba ce da za ta wuce kowane mai duba nau'i.